Rijiya Ɗaya, Guga Dubu: Fayilolin Saiti na Tarayya da Makomar Ƙa'idar Rubutun Hausa

Duk wanda ya mayar da wayarsa ta hannu zuwa harshen Hausa, sannan ya duba kalandar da ke cikinta, yana iya tarar da an rubuta wata na biyu Faburairu, na huɗu Afirilu, ranar da ke bin Alhamis kuwa Jumma'a. In ya buɗe jarida ko shafin wata kafar labarai a wannan rana, abin da zai fi cin karo da shi shi ne Fabrairu da Afrilu da Juma'a. Ba ina cewa ɗayan biyun kuskure ba ne. Kowanne yana da hujjar da za a kare shi da ita, musamman ma na farkon, wanda ya raba baƙaƙe da wasali kamar yadda Hausa ta saba yi wa baƙin kalmomi.

Abin da ya dame ni shi ne wanda ya yanke hukuncin, da inda aka yanke shi, da waɗanda aka tuntuɓa. Amsar ba ta cikin kowane littafin ƙa'idojin rubutu da ake koyarwa a azuzuwanmu. Tana cikin wani fayil mai suna ha.xml, wanda ke ajiye a rumbun bayanan harsuna da ƙungiyar Unicode ke kula da shi, ana ce masa CLDR. Daga wannan rumbu ne manhajojin kamfanoni irin su Google da Apple da Microsoft suke ɗebo sunayen watanni da na ranaku, da yadda ake rubuta adadi da kuɗi da lokaci, da jerin baƙaƙe da wasulan harshe. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, irin wannan fayil ya zama magajin littafin ƙa'idar rubutu ko mun so ko mun ƙi, kuma manazarta Hausa ba za su iya sa masa ido ba sai sun ari wani darasi da injiniyoyin manhaja suka koya bayan sun sha wuya, wato yadda ake riƙon fayil guda wanda manhajoji da yawa suka dogara a kansa.

Abin da ake nufi da fayil ɗin saiti

Kowace manhaja tana da ɓangare biyu. Akwai umarnin da ke gaya wa na'ura abin da za ta yi, akwai kuma zaɓe-zaɓen da umarnin yake aiki da su. Tela yana da kekensa da gwanintarsa, amma awon kowane mai kaya yana cikin wani ɗan littafi daban. Ba a canza keke don an sami mai dogon hannu, littafin awon ake gyarawa. Fayil ɗin saiti shi ne wannan littafin awo: a cikinsa ake rubuta harshen da za a nuna, da alamar kuɗi, da adireshin ma'ajiyar bayanai, da jerin sunayen garuruwa, da makamantansu. Muddin manhaja ɗaya ce ke karanta shi, babu wata damuwa. Rigimar tana somawa ne ranar da manhajojin suka zama biyu ko uku.

Bari in kawo misali daga yankin da na fito. Mu ƙaddara wasu matasa biyar ne a Gumel suka haɗa ɗan ƙaramin kamfani, suna da manhajoji uku. Ta farko tana tattara farashin dabbobi da riɗi a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Ta biyu rijistar ɗalibai ce da suke sayar wa makarantu. Ta uku tana aika wa iyaye mata saƙon tuni a kan ranar rigakafin 'ya'yansu. Duka ukun suna buƙatar jerin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, da sunayen watanni da Hausa, da yadda ake jera sunayen mutane bisa tsarin abacada. Hanya mafi sauƙi, wadda kusan kowa ke bi da farko, ita ce a kwafi fayil ɗin manhaja ta farko a liƙa a ta biyu, a sake kwafa a liƙa a ta uku. A ranar da aka yi haka fayilolin uku tamkar an tsaga kara suke.

Bayan wata shida ba haka za a tarar da su ba. Wanda ke kula da manhajar kasuwa ya ga an rubuta Sule Tankarkar a rabe, shi kuwa a wata takardar gwamnati ya gan shi a haɗe, Suletankarkar, sai ya gyara a nasa. Mai manhajar makarantu ya ga sunan ya yi wa gurbin da ke kan takardar sakamako tsawo, sai ya gajarta shi zuwa S/Tankarkar, kamar yadda magatakarda suka saba. Mai manhajar rigakafi ya sa ɗan karan ɗori a tsakiya. Babu wanda ya yi da mugun nufi, kuma babu wanda ya ga dalilin sanar da 'yan'uwansa, tunda a wajensa gyara ne ɗan ƙanƙani. Duk wanda ya taɓa cike takardu a wannan yanki ya san waɗannan sigogi huɗu ba ƙirƙira ba ce, suna nan suna yawo a allunan hanya da takardun ofis. Ɗan Adam yana ganinsu ya san gari ɗaya ake nufi. Kwamfuta ba ta da wannan sanin. Ranar da aka nemi kamfanin ya haɗa alƙaluman makarantu da na rigakafi don a ga yara nawa ne suka shiga aji ɗaya ba tare da sun kammala allurarsu ba, na'ura za ta fitar da Gumel da Maigatari da Gagarawa lafiya lau, ta tsallake Sule Tankarkar, domin a wajenta sunan da ke nan bai yi daidai da wanda ke can ba. Abin takaicin ma shi ne ba lallai ta yi ƙorafi ba. Rahoto zai fita da kyansa, yaran ƙaramar hukuma guda ba sa ciki.

Maganin da masu wannan sana'a suka daɗe da cimmawa ba boyayye ba ne. A cire abin da manhajojin suka yi tarayya a kansa, a ajiye shi a wuri guda, kowace manhaja ta riƙa ɗebowa daga can. A ba kowace ƙaramar hukuma lamba wadda ba ta canzawa, sunan ya zama riga ce kawai da ake sa wa lambar, ta yadda ko an sake rubutun sunan alƙaluma ba za su ɓace ba. In wata manhaja tana da buƙata ta musamman, kamar gajeren suna saboda ƙarancin gurbi, sai ta rubuta wannan togaciyar kaɗai a nata ɗan fayil, ta gaji sauran daga tushe. Kowane gyara a rubuta wanda ya yi shi, da ranar, da dalili. Wannan shi ne aikin manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a shekarar 2005. Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba, don kuwa isnadi ne: daga wa ka ji, shi kuma daga wa. Sannan a riƙa fitar da fayil ɗin bugu-bugu da lamba, kowace manhaja ta faɗi bugun da take kai, kada ta wayi gari an canza mata ƙasa a ƙarƙashin ƙafa.

Akwai kuma cutar da ke ɗaya ɓangaren. Da zarar an ga daɗin fayil na tarayya, sai kowa ya riƙa jibga masa kayansa, har da abin da manhaja ɗaya tak ke buƙata, har da kalmomin sirri da bai kamata su kwana a wurin da kowa ke leƙawa ba. A ƙarshe ya zama ɗakin shirgi wanda kowa ke tsoron taɓawa, domin ba a san abin da zai rushe ba in an zare tsinke ɗaya. Saboda haka ma'aunin shiga shi ne tarayya ta gaskiya. Abin da ba na kowa da kowa ba ne ya zauna a gidansu.

Hausa a rumbun Unicode

Abin da matasan Gumel za su yi wa manhajoji uku, shi ne CLDR yake yi wa duniya. An soma aikin a shekarar 2003, ya koma hannun ƙungiyar Unicode a 2004, kuma ana fitar da sabon bugu a kai a kai. Fayilolinsa a buɗe suke, duk mai intanet yana iya karanta su. An gina su a kan gado. Akwai fayil na Hausa baki ɗaya, sannan a ƙarƙashinsa akwai na Nijeriya, da na Nijar, da na Gana, har da gurbi na Hausar da aka rubuta da ajami. Na Nijeriya kusan wayam yake, saboda an ɗauki Hausar Nijeriya a matsayin ita ce tushe. Na Nijar da na Gana suna ɗauke ne da wuraren da suka saɓa wa tushen kawai. Wannan zaɓi ne na siyasar harshe, ko da yake an yi shi da sunan sauƙin aiki, kuma ya cancanci a tattauna shi a irin wannan mujalla.

Akwai fayil na daban da ke kula da jeri. Shi ne ke gaya wa na'ura cewa ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k, kuma sh da ts baƙaƙe ne masu cin gashin kansu da ke zuwa bayan s da t. Manhajar da ba ta ɗebo daga wannan fayil ba, wadda ke jera haruffa bisa lambarsu ta na'ura kawai, za ta jefa Ɗahiru da Ƙasimu can ƙasan rijista bayan Zubairu, domin lambobin haruffa masu lanƙwasa sun fi na dukkan haruffan Ingilishi girma. Wadda ta bi jerin Ingilishi kuwa za ta sa Shehu gaban Sule, Tsoho gaban Tukur. Wani zai ce ai a aji muna koyar da cewa kw da ky da gw da gy da ƙw da ƙy su ma tagwayen baƙaƙe ne, don me aka ware sh da ts? Da na zauna na gwada sai na ga kusan babu abin da zai canza: kalmomin da suka fara da kw da ky dama can bayan ku suke zuwa, ko an ɗauke su baƙi ɗaya ko biyu. Sh da ts ne suke faɗawa tsakiyar 'yan'uwansu in ba a ware su ba. Na kawo wannan ne don a ga cewa abin da ke cikin fayilolin nan nazarin harshe ne zalla, irin wanda muke ba ɗalibai jinga a kansa.

Ta yaya abu ke shiga ciki? Ana buɗe ƙofar shigar da bayanai na ɗan lokaci, masu fassara da masana su gabatar da abin da suke ganin shi ne daidai, sannan a kaɗa ƙuri'a. Ƙuri'un ba nauyinsu ɗaya ba. Ta wakilin ƙungiyar da aka yi wa rijista ta fi ta mutum ɗaya da ya shigo a matsayin baƙo. A harsuna da yawa, galibin masu kaɗa ƙuri'ar masu fassara ne da manyan kamfanoni suka ɗauka aiki. Ban raina aikinsu ba. Ba don su ba da wayoyinmu ba su san Hausa ba sam. Amma mai fassarar da aka ba wa'adin mako biyu ba shi ne ya kamata ya zama hukumar harshe ba, kuma na tabbata shi ma ba zai so a ɗora masa wannan nauyi ba. Ni kuwa har na kammala digiri na biyu ban ji an ambaci sunan wannan rumbu a aji ko sau ɗaya ba.

Darasin kan iyaka

Masarautar Gumel ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta Maigatari da Sule Tankarkar, kuma wanda ya tashi a nan ba sai an yi masa lacca a kan bambancin Hausar ƙasashen biyu ba. A tsallake, ƙa'idar rubutun da gwamnatin Nijar ta tabbatar a 1999 tana amfani da harafin ƴ a inda mu muke rubuta 'y. Yaron da ya yi lakwal a yankin Damagaram an koya masa rubuta adadi bisa tsarin Faransa, inda waƙafi yake raba cikakken adadi da ɓarinsa, don haka 1,500 da mu muke karantawa dubu ɗaya da ɗari biyar, shi a wajensa ɗaya da rabi ne. Kuɗinsa sefa ne, namu naira. Manhajar farashin kasuwar Maigatari da ta yi biris da wannan za ta iya jawo wa wani asara ta gaske.

Hanya biyu ce ke da sauƙi a nan, kuma duka biyun ba su da kyau. Ko dai a yi fayil biyu cikakku masu zaman kansu, ɗaya na Nijeriya ɗaya na Nijar, su yi ta nisantar juna har a wayi gari kamar harsuna biyu ne. Ko kuma a tilasta wa kowa fayil ɗaya, a ce wanda bai ga dama ba ya haƙura. Tsarin gado ya ba da hanya ta uku, wadda a ganina ita ce ta dace da haƙiƙanin harshen: tushe guda mai faɗi, da togaciya 'yar siririya wadda kowa ke iya gani ya ƙirga. Rumbun lokutan duniya, wanda kusan kowace kwamfuta da waya ke amfani da shi wajen saita agogo, ya yi irin wannan da ƙasashenmu biyu. Tunda agogon Yamai da na Legas ba su saɓa ba tun daga 1970, sai aka mayar da sunan Yamai ɗan manuni kawai zuwa ga bayanan Legas. Sunan yana nan, in wata rana Nijar ta canza agogonta za a raba su, amma kafin nan ba a rubuta abu ɗaya sau biyu.

Sai dai ba komai ne zai shiga fayil ba, kuma sanin wannan ma wani ilimi ne. Jaka a bakin ɗan kasuwar Nijeriya naira 200 ce, tun daga zamanin da fam 100 ke cika jaka. Jika a bakin ɗan Nijar sefa 1000 ce, wato dala 200, kowace dala sefa 5. Dillalin Maigatari ya san wacce ake nufi daga bakin mai magana da kuma dabbar da ake ciniki. Irin wannan aikin ƙamus ne da nazarin walwalar harshe, ba na saiti ba.

Wake ɗaya

Dole in faɗi hujjar da ta fi ƙarfi a kan ra'ayina, domin injiniyoyin da kansu sun fi kowa saninta. Idan kowa na sha daga rijiya ɗaya, duk abin da ya faɗa cikinta kowa ya sha. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kimanin awa shida, kuma kamfanin ya bayyana cewa wani canjin saiti ne a na'urorin da ke haɗa cibiyoyin bayanansa ya jawo. Manhajoji uku, tushe ɗaya, faɗuwa ɗaya. A ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya tura wani gurɓataccen fayil ɗin saiti ga abokan cinikinsa a lokaci guda, kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 suka durƙushe bisa ƙiyasin Microsoft, aka soke tashin jirage, ayyukan asibitoci da bankuna suka tsaya.

Misalin da ya fi kusa da mu ya faru ne a CLDR kansa. A bugu na 42, wanda ya fito a watan Oktoba na 2022, an canza tazarar da ke tsakanin lokaci da alamar safe ko yamma a tsarin Ingilishi, daga tazara ta yau da kullum zuwa wata 'yar siririya da ba ta barin layi ya katse. A ido kusan babu bambanci, kuma ta fuskar kyan rubutu gyara ne mai hujja. Amma ɗimbin manhajoji da aka gina bisa zaton tsohuwar tazarar suka riƙa kasa karanta lokaci, har sai da masu Chrome suka mayar da tsohuwar a manhajarsu. Ɗan hakin da ka raina ke nan. In haka ta faru da Ingilishi, wanda ke da dubban idanu a kansa, sai a auna abin da zai faru ranar da wani ya canza alamar hamza a fayil ɗin Hausa ba tare da shawara ba.

Na yarda da wannan hujja, amma ban yarda cewa tana kai mu ga kowa ya kama gabansa ba. Kuskuren fayil na tarayya yana da ƙara, kowa ya ji, a gyara shi a wuri ɗaya. Kuskuren kwafe-kwafe shiru yake yi, kamar yaran Sule Tankarkar da suka ɓace daga rahoto. Abin da waɗannan haɗurra suka koyar shi ne ladabin canji: kada gyara ya shiga sai wani ya duba, kada ya fita sai an gwada, kada a tura wa kowa a rana ɗaya, kuma a bar hanyar komawa bugun da ya gabata. Akwai kuma darasin mai riƙo. Rumbun lokutan da na ambata, Arthur David Olson da Paul Eggert ne suka yi shekaru suna ɗawainiya da shi a matsayin aikin sa-kai. A 2011 wani kamfani mai suna Astrolabe ya maka su a kotu a Amurka kan haƙƙin mallaka, aka rufe wurin da ake ɗebo shi a watan Oktoba, sai da hukumar IANA ta karɓi ajiyarsa kafin hankali ya kwanta. Abin da jama'a da yawa suka dogara a kansa yana buƙatar gida, ba kafaɗar mutum biyu ba.

Abin da ya rage gare mu

Tarihin rubutun boko ya nuna cewa wannan aiki ba sabo ba ne a wajenmu. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912. An kawo haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, aka yi na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Amma abin da ya ba ƙa'idar ƙarfi a zamanin farko ba takardar taro ba ce. Maɗaba'a ce. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, da littattafan makaranta na wancan lokaci, daga Zariya suke fitowa, ta hannun editoci da masu jera haruffa 'yan kaɗan. Abin da ya bi ta wannan ƙofa ya fito da kama ɗaya. A yau ƙofar da mafi yawan rubutun Hausa ke bi ita ce madannan waya, da manhajar da ke gyara kalma ba a tambaye ta ba, da fayilolin da nake magana a kansu. Muna iya yin taro goma a kan ƙa'ida, in abin da aka yanke bai shiga waɗannan fayiloli ba, ya tsaya a kundin taro.

Shawarata ba ta buƙatar kuɗi masu yawa. Sassan Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Umaru Musa 'Yar'aduwa, tare da takwarorinsu na Yamai da Damagaram, su riƙe rumbu guda a buɗe, mai ɗauke da abubuwan da suka zama na tarayya da gaske: haruffa da lambobinsu, tsarin jeri, sunayen watanni da ranaku da gajarce-gajarcensu, sunayen ƙasashe da jihohi da ƙananan hukumomi, da keɓaɓɓun kalmomin da aka riga aka amince da su, irin waɗanda ke cikin ƙamus ɗin da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, tana da tarihin da zai sa a amince mata da ajiya. Amma ajiya daban, mallaka daban. Kowane gyara ya kasance sai da sa hannun mutum biyu daga jami'o'i biyu, wanda ya shafi Nijar kuwa ba zai wuce ba sai ɗan Nijar ya gani. A naɗa mai riƙo da sunansa, na wa'adi sananne, a kuma lissafa masa wannan aiki a cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. In ba a yi haka ba babu malamin da zai ba shi lokacinsa, kuma ba zan ga laifinsa ba. Daga wannan rumbu ne wakilin jami'o'in zai riƙa kai matsaya guda gaban Unicode, da ƙuri'ar ƙungiya ba ta baƙo ba. Daga nan ne kuma matasan Gumel za su ɗebo jerin sunayensu, su huta da gardamar ko Sule Tankarkar a haɗe yake ko a rabe.

Na san za a ce wannan wata hanya ce ta ƙara wa Kananci ƙarfi a kan sauran kare-karen harshe. Mu da muka tashi a arewacin Jigawa, inda kunne ya saba da Hausar Haɗejiya da ta Damagaram, ba mu rasa jin wannan ciwo ba. Amma a duba da kyau. Daidaitacciyar Hausa ta riga ta zama tushe a fayilolin da ake amfani da su yanzu, ba tare da an tambayi kowa ba. Rumbun da ke da rubutaccen dalili ga kowane zaɓi, da gurbin togaciya, da ƙofar ƙorafi, ya fi ba Basakkwace ko Badamagare damar magana fiye da wanda ba a san ma yana nan ba. Kuma babu wanda ya ce fayil zai gaya wa marubuci ko mawaƙi yadda zai yi magana. Iyakarsa abin da na'ura za ta rubuta da kanta in ba a gaya mata komai ba.

In da ni za a tambaya abin da za a fara da shi, zan ce alamar hamza. A yau akwai aƙalla alamomi uku da ake rubuta ta da su, waɗanda ido ke gani kusan iri ɗaya amma na'ura ke ɗauka abu uku: miƙaƙƙiyar da ke kan madannai mai lamba U+0027, da lanƙwasasshiyar da ake rufe zance da ita mai lamba U+2019, da wata mai lamba U+02BC wadda Unicode ya lissafa a matsayin harafi, ita ce kuma CLDR yake amfani da ita a Hausa. Manhajojin rubutu sukan ƙara ta huɗu da kansu, su juya hamzar farkon kalma ta koma alamar buɗe zance, ta yadda 'ya'ya za ta fito da alamomi biyu mabambanta. Mai neman kalma a cikin tarin matani zai sami wasu ya rasa wasu. Mai ƙirga kalmomi zai ga an tsinka sana'a gida biyu. Wasu guraben cike suna a intanet ma ƙin karɓarta suke yi ƙememe, shi ya sa Asma'u da Sa'idu da Rabi'u da yawa suke yawo da takardun da aka yanke wa sunansu harafi. Zama ɗaya ya isa a zaɓi guda, a rubuta dalili da kwanan wata, a kuma faɗi yadda za a yi da tsofaffin matani.

A wannan zaman kuma a fitar da ɗan gwaji wanda ko ɗalibin aji ɗaya zai iya yi wa kowace manhajar da aka ce ta iya Hausa. A ba ta sunaye tara a hargitse, a ce ta jera. In ba ta mayar da su Dauda, Ɗahiru, Kabiru, Ƙasimu, Sule, Shehu, Tukur, Tsoho, Zubairu ba, a rubuta wa masu ita, a haɗa musu da lambar bugun da ya kamata su ɗebo.